Kwamfutar Mutum Huɗu

Akwai wani takaici da mai buga ƙwallo a filin unguwa bai san shi ba, sai wanda ke bugawa a kwamfuta mai rauni. A fili, in ka ɓarar da ƙwallo a gaban raga, ka san ƙafarka ce ta ci amanarka. A kwamfuta kuwa sai ka yanke mai tsaron baya, ka danna bugu a kan kari, hoton ya cije na ƙiftawar ido, kafin ya saki an riga an ƙwace an kai tsakiyar fili. Abokin karawarka ya yi ta ƙyaƙyata dariya, kai kuma ba ka da bakin magana, don a wurinmu duk wanda ya ce "na'ura ce" mai neman uzuri ne.

Mu huɗu ne muka ɗauri aniyar yaƙi da wannan cijewa: tela, mai gyaran waya, malamin firamare, da autanmu wanda a lokacin yake ɗalibi. Unguwarmu ɗaya a Kano. A 2021 muka fara zubi duk sati, muka sayi Dell OptiPlex 7010 'yar gwanjo, irin doguwar nan da ta gama bautar wani ofis a ƙasar waje kafin a loda ta a kwantena. A cikinta akwai ƙwaƙwalwa Core i5-3470, wadda Intel ta fitar a 2012, da ram giga 4, da tsohon faifan ajiya mai juyawa. Katin hoto babu, sai ɗan abin da ke manne a jikin ƙwaƙwalwar. Muka ajiye ta a shagon tela, don shi ke da janareta, muna haɗuwa bayan sallar isha'i. PES 2013 tana tafiya sumul. Da zarar mun matsa zuwa PES 2017, sai ta fara ɗingishi ko da mun sauke komai ƙasa. GTA V kuwa, wanda ya iso kwamfuta a 2015, kallonsa kawai muke a wayar autanmu.

Kafin a yi maganar saye, ya kamata a san abin da ake nema. Motsin da ido ke gani a allo ba motsi ba ne, hotuna ne ake jerowa da sauri. Fim ɗin silima hoto 24 yake nunawa a daƙiƙa guda. Gem yana jin daɗin bugawa daga 30, amma wanda ya ɗanɗana 60 ba ya son komawa baya, musamman a wasan ƙwallo inda komai ya rataya a kan lokacin danna maɓalli. Bambancin fim da gem shi ne, hotunan fim an riga an ɗauka an ajiye, na gem kuwa a take kwamfuta ke zana su, gwargwadon abin da hannunka ya yi. Hoto 60 a daƙiƙa na nufin tana da kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa ta lissafa inda 'yan wasa 22 suke, ta zana ciyawa da inuwa da 'yan kallo, ta miƙa wa allo. Duk hoton da ya makara, shi ne cijewar da ke jawo maka dariya.

Tela ne ya warware mana yadda kayan cikin suke aiki, bayan mai gyaran waya ya yi ta bayani da Turancin kasuwa mun kasa kamawa. Ya ce ai shagonsa ke nan. Ƙwaƙwalwa ita ce mai awo da yanka. Katin hoto shi ne mai zama a kan keke yana ɗinki. Ram teburin yanka ne, in ya yi ƙanƙanta dole a riƙa ɗauke wani yadi a mayar kabad kafin a shimfiɗa wani. Faifan ajiya kuwa shi ne kabad ɗin, da yaron da ake aika ya ɗauko. Ka sayo keken ɗinki mai lantarki mafi tsada a Kano, in mai yanka yana rarrafe, keken zama zai yi yana jira. Haka in mai yanka gwani ne amma keken na hannu ne, yankakken yadi zai taru har ya kai rufi. Aikin shago ba ya wuce saurin wanda ya fi kowa nawa a cikinsa. Abin da ake kira ƙara wa kwamfuta ƙarfi, gano wannan mai nawar ne a sallame shi, sannan a duba wa ya gaje shi.

Saboda haka ba mu fara da katin hoto ba, ko da yake shi kowa ke mafarki. Dalili biyu ne. Na farko, a 2021 katin hoto ya zama zinariya a duniya baki ɗaya: ga ƙarancin kayan haɗa na'urori da annobar korona ta haddasa, ga masu haƙar kuɗin intanet suna wawushe duk wanda ya fito. Na biyu, da muka saka MSI Afterburner, manhajar da ke nuna nauyin da kowane ɓangare ke ɗauka yayin da ake wasa, sai muka ga ram ɗinmu a cike yake maƙil. Windows 10 kaɗai ta cinye kusan rabi kafin a buɗe komai. Muka sayi ram na DDR3, wanda a lokacin ya yi araha don duniya ta wuce shi, muka kai giga 8, daga baya 16. A nan akwai abin lura da ba a cika faɗa ba: sanda biyu masu giga 4-4 sun fi sanda ɗaya mai giga 8, in aka sa su a ramukan da suka dace, don ƙwaƙwalwa tana ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, wadda ke aron ram ta yi zane, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai SSD. Shi bai ƙara mana hoto ko ɗaya a daƙiƙa ba, kuma duk mai shagon da ya ce maka zai ƙara, cinikinsa yake nema. Abin da ya yi shi ne kashe jira. Tsohon faifai mai juyawa yakan karanta mega ɗari da wani abu a daƙiƙa, SSD na SATA kuwa yana kai wa 500 har da ɗoriya. Ga mutanen da ke ƙona fetur suna kallon allo yana lodi, jira ma kuɗi ne.

Rigimar gaske ta zo bayan 15 ga Satumba 2022, ranar da Ethereum ta sauya tsarinta aka daina haƙarta da katin hoto. Katunan da suka shekara suna aiki dare da rana a rumbunan haƙa suka malalo kasuwannin duniya, har suka iso gare mu. A cikinsu wanda ya fi ɗaukar ido shi ne RX 580 na AMD, ɗan 2017, mai giga 8. Kuɗinsa ya faɗi ƙasa da na GTX 1650 na Nvidia, ɗan 2019, mai giga 4 kacal, alhali kowa ya san RX 580 ya fi shi ƙarfi. Mai gyaran waya da autanmu suka ce babu abin tattaunawa: ga mai ƙarfi da araha, ga mai rauni da tsada, sai mahaukaci ne zai yi shawara. Tela da malam suka ƙi.

Hujjarsu wuta ce. RX 580 yana jan wat 185, kuma yana buƙatar wayarsa ta daban mai baki 8 daga akwatin wuta. Akwatin wutar kwamfutarmu wat 275 ne duka-duka, an yi shi don aikin ofis, ba shi da wannan wayar. Sayen katin na nufin sayen sabon akwatin wuta mai wat 500 ko kusa da haka, kuma na kirki, don akwatin wuta mara asali shi ne abu ɗaya da in ya mutu yakan ja sauran kayan su tafi tare. Da aka haɗa kuɗin biyu, arahar ta gudu. GTX 1650 kuwa, irin wanda ba ya neman waya, wat 75 yake ci, daidai abin da ramin da ake soka shi ke iya bayarwa. Ka soka, ka rufe, ka kunna. Tsakanin katunan biyu akwai tazarar wat 110. A ƙasar da wuta ba ta ƙiftawa wannan ba abin magana ba ne, shi ya sa masu ba da shawara a YouTube ba sa ko ambatarsa. A shagon da ƙaramin janareta ke ɗauke da keke da fanka da ƙwan fitila, wat 110 shi ne bambanci tsakanin inji yana kuka daidai da inji yana tari.

Ga kuma tarihin katin. Ba duk wanda ya fito daga rumbun haƙa ne matacce ba, wasu masu haƙar sun fi 'yan gem kula da kayansu. Amma ba ka da hanyar sanin na wa ka samu. Fankokinsa sun yi shekaru ba hutu, wasu an sauya musu manhajar ciki don haƙa, wasu kuma masu lambar 2048SP ne, waɗanda sunan RX 580 kawai suka ɗauka, ƙarfinsu na ƙaninsa RX 570 ne.

Sati uku muna ja-in-ja, biyu da biyu, har zubi ya tsaya. Ranar da aka kashe maganar, autanmu ya ce wa tela, "Yaya, giga 8 fa. Nan da shekara biyu giga 4 ba za ta ɗauki komai ba." Tela ya ce, "Gaskiyarka. Amma in injin ya ƙone, da me zan yi ɗinkin salla?" Babu wanda ya iya amsa wannan. A ganinmu har yau, autanmu bai yi kuskure a lissafin kati ba, kuma lokaci ya nuna giga 4 ta yi kaɗan ga sababbin wasanni. Sai dai kwamfuta ba ta ƙarewa a jikin akwatinta. Janareta da soket da zafin ɗaki duk kayan cikinta ne, kuma a shagon nan su ne masu nawar.

Sayen kansa darasi ne. A wani shago aka miƙo mana kati a leda mai sheƙi, an rubuta GTX 1050 Ti a jikinsa, kuɗinsa kamar kyauta. Mai gyaran waya ya juya bayansa ya ga shuɗin ramin VGA, ya mayar ya yi godiya. Katunan wannan zuriya ba sa zuwa da shi. Tsofaffin katuna ne ake sauya wa suna a ciki da waje, Windows ma ta karanta sunan ƙaryar ta yarda, sai an sa musu nauyi su faɗi. Wanda zai saya ya tafi da GPU-Z a filashi, yakan tona irin waɗannan, kuma ya dage a kunna gem a gabansa na minti ashirin ko fiye, yana kallon zafi. Haka GT 1030 iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, na biyun ya yi wa na farkon nisa a rauni, kuma kwalin ba ya ɗaga murya a kan haka. Namu katin mun same shi a farkon 2023, ana tsakiyar wahalar canjin takardun naira, muka biya ta taransifa muka zauna a benci kusan awa biyu muna jiran kuɗin su shiga wa mai kaya.

Daren da muka soka shi, PES 2021 ta tsaya cak a hoto 60, a 1080p. GTA V ya buɗe, muka yi ta zaga birnin a mota ba tare da mun yi aikin komai ba, kamar baƙauye ya shigo Legas. Allonmu hoto 60 yake iya nunawa a daƙiƙa, don haka ko kati ya zana 100 ba za mu gani ba, wannan ya rufe bakin masu cewa da an ƙara kuɗi. In wani wasa ya yi nauyi kuma mukan sauko 720p. A 1080p kati na zana ɗigo 2,073,600 a kowane hoto, a 720p kuwa 921,600, ƙasa da rabi. Wannan ƙarin ƙarfi ne da ba a biyan ko sisi, illa ɗan dushewar hoto da ido ke mantawa da shi in wasa ya yi zafi.

Da watan Afrilu ya kama, cijewar ta dawo, amma da sabon salo: minti goma sha biyar na farko lafiya, daga nan sai tafiya ta yi nauyi. Zafi ne. Ƙwaƙwalwa da kati duk an yi su da dabarar rage gudu da kansu in sun ɗau zafi, don kada su ƙone. A garin da rana ke haura digiri 40, a shago mai rufin kwano, ba su da nisa da wannan iyaka tun kafin a kunna su. Da muka buɗe, abin da ke cikin fankar ya isa a cusa ƙaramin matashi: ƙurar hunturu ta haɗu da burbushin zare da na yadi ta zama bargo. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ya zama kamar alli, mai yiwuwa tun na masana'anta ne. Muka hure, muka goge, muka sa sabon mai ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, muka ɗaga kwamfutar daga ƙasa zuwa kan kanta. Tun daga nan duk wata biyu ake buɗe ta. Abin da ya biyo baya a saye shi ne sitabilaiza da UPS, waɗanda ba sa ƙara hoto ko rabi, ba a kuma yin alfahari da su, amma su ne suka sa katin yake raye har yanzu duk da yadda wuta ke zuwa da hauka ta tafi ba sallama.

Bari mu ɗan ratse, tunda da masu alƙalami muke magana. Mun sha wuya wajen rubuta wannan da Hausa fiye da yadda muka sha wajen kwance kwamfutar. A kasuwa ba wanda ke cewa katin hoto ko akwatin wuta, sunayen Turanci ake lanƙwasawa a baki. Mun zaɓi mu fassara wanda ya fassaru, mu bar ram a ram, don duk ƙoƙarin da muka yi na ba shi sunan Hausa sai ya fito da tsawon zira'i. Amma abin da muke so mu ce shi ne, a labaranmu kwamfuta takan fito kamar tsafi: jarumi ya buɗe, ya danna, asirin duniya ya tonu. Ba ta ɗaukar zafi, ba a ɗauke mata wuta, ba wanda ya ci bashi ya saye ta. Alhali ga labari nan kwance a cikin wa ya biya, wa ke da fetur, wa ke riƙe da makullin shago.

Namu labarin ta nan ya ɓullo. A Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da hukuma ke bayarwa a kan naira 460 da 'yan kai, kafin a yi nisa a 2024 ta haura 1,500. Duk abin da ke cikin kwamfutarmu da dala aka shigo da shi, don haka tana tsufa kuɗinta na hawa. A wannan shekarar malam ya tashi aure, lefe ya sha masa kai, ya ce a fitar masa da kasonsa. Nan aka yi cirko-cirko. Mai gyaran waya ya ɗauko littafin zubi ya ce ga abin da malam ya zuba, a mayar masa cif. Malam ya ce kuɗin da ya zuba a 2021 ya sayi buhun shinkafa, yau ba zai sayi rabi ba, kuma katin da aka saya da kuɗinsa in aka kai kasuwa ya ninka. Tela bai ce uffan ba, amma kowa ya san shekara uku fetur ɗinsa ake ƙonawa, kuma tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 wannan ba ƙaramar sadaka ba ce. Abota ta tun firamare ta fara tsami a kan akwatin ƙarfe. Kwana goma ba a kunna ta ba.

Mahaifin tela ne ya raba gardamar, mutumin da tun farko yake kiran abin namu wasan yara masu gemu. Muka je muka durƙusa a zaure, malam ya ce, "Baba, ƙara muka kawo." Ya saurari kowa, bai tambayi mene ne katin hoto ba. Ya ce in mutum huɗu sun haɗa kuɗi sun sayi ɗan maraƙi, ranar rabuwa kuɗin bijimi ake kasawa, ba na maraƙi ba. Amma kafin a kasa, wanda ya ɗaure shi a gidansa yana ba shi dusa a fitar masa da nasa. Aka yi haka. Muka tambayi shaguna uku farashin kowane ɓangare, muka ɗauki na tsakiya, aka ware wa tela wani abu na fetur, aka raba saura huɗu. Malam ya karɓi fiye da abin da ya zuba, ƙasa da abin da ya nema, muka biya shi a wata huɗu. Yana zuwa ran Asabar har yanzu, sai dai in an ci shi ba ya cewa a ba shi hannu na biyu da gadarar da.

Yanzu mun iso inda faci ba ya kamawa. Mai yanka ne ya tsufa. Tun FIFA 23, mafi ƙarancin ƙwaƙwalwar da aka nema a kwamfuta ita ce i5-6600K, tamu kuwa ta girme ta da zuriya uku. Babban allon da komai ke zaune a kai ba ya karɓar abin da ya wuce zuriyar i7-3770, kuma ba mu ga hikimar zuba kuɗi a ƙwaƙwalwar 2012 don a maye gurbin wata 'yar 2012 ba. Ga shi Windows 10 ta kai ƙarshen wa'adinta a 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zuriya ta 8 ta Intel take farawa. Sauya ƙwaƙwalwa yanzu na nufin sauya allo, sauya allo na nufin ram ɗinmu na DDR3 ya tashi aiki. Kati da SSD da UPS ne kawai za su yi ƙaura da mu.

Mun buɗe sabon zubi, mu uku. Mai gyaran waya na son mu sake ɗauko ta ofis 'yar zuriya ta 8 mu soka katin a wuce wurin. Autanmu, wanda yanzu yake ɗaukar albashi kuma muryarsa ta ƙara kauri, yana son a haɗa daga tushe a kan allon AM4 da Ryzen 5 5600 da akwatin wuta na gaske, don kada a sake ce masa wuta ba za ta ɗauka ba. Tela ya ce duk wanda aka zaɓa a fara gaya masa wat nawa ne. Wannan karon an rubuta a shafin farko na littafin yadda za a fitar da kason wanda ya tashi fita, kowa ya sa hannu.

Tsohuwar kuwa malam ya ce yana so, ba kati, don buga takardun jarrabawar ɗalibansa. An fara ciniki, ya taya, mun ce albarka. Baba ya aiko a gaya mana kada wanda ya sake kawo masa maganar bijimin nan zaure.